Haja Ɗaya, Farashi Uku: Dabarar Kasa Kayan Dijital Aji-Aji a Kantin Intanet

JOS — Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Farin Gada da sassafe, lokacin da motoci ke sauke dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, ya san cewa ba a sayar da kayan nan a kan farashi ɗaya. Akan ware manyan dankali gefe guda, matsakaita gefe guda, ƙanana kuma daban, sa'an nan a yanka wa kowane kashi kuɗinsa. Mai otal ya ɗauki nasa, uwargida ta ɗauki nata, mai suya a bakin titi shi ma ya sami daidai aljihunsa. Dillali bai ƙirƙiri wannan bambanci ba, gona ce ta ba shi haka.

Amma akwai wani rukuni na 'yan kasuwa da ke ƙaruwa a Jihar Filato da sauran jihohin Arewa waɗanda hajarsu ba ta da manya da ƙanana. Su ne masu sayar da kayan dijital, watau fim da waƙa da littafi da darasi da manhaja, waɗanda mai saye ke biya ta intanet ya sauke a wayarsa ko kwamfutarsa. Kwafi na farko da na dubu duk ɗaya ne. Duk da haka masana tattalin arziki sun daɗe suna nuna cewa wanda ya kafa wa irin wannan haja farashi guda yana barin kuɗi a ƙasa, kuma maganin abin shi ne ya kasa ta aji-aji da hannunsa.

Batun ya shafi Jos kai tsaye. A nan ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, da kuma Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa da aka buɗe a 1995. A garin nan ne mawaƙa irin su P-Square da M.I Abaga da Ice Prince suka tashi, kuma a nan aka kafa cibiyar fasaha ta nHub a 2015. Gari ne mai yawan masu shirya fim da masu haɗa kiɗa da masu rubuta manhaja. Ba su rasa abin sayarwa ba, abin da ke ba su wahala shi ne sa masa kuɗi.

Abin Da Ya Sa Farashi Ɗaya Ba Ya Isa

A ciniki na yau da kullum, ɗan kasuwa yakan lissafta abin da ya kashe a kan kowane buhu, ya ɗora riba, ya sami farashi. Wannan lissafi ba ya aiki a kan kayan dijital, domin kusan dukkan kuɗin ana kashe shi ne wajen samar da kwafi na farko: sallamar 'yan wasa, hayar kyamara, tace hoto, man janareta. Da zarar an gama, kwafi na biyu kusan kyauta yake fitowa. In aka ce za a sa farashi bisa kuɗin yin kwafi, to sai dai a raba kayan sadaka.

Saboda haka ne malaman nan biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, Carl Shapiro da Hal Varian, suka bayyana a rubuce-rubucensu na 1998 cewa ma'aunin farashin irin wannan haja shi ne darajarta a idon mai saye. Matsalar kuwa ita ce daraja ba ɗaya ba ce ga kowa. Ɗalibin Jami'ar Jos da kamfanin talla na Abuja suna iya son kiɗa ɗaya, amma abin da kowannensu zai iya biya ya yi hannun riga.

A kasuwar Taminus, tayi ne ke warware wannan matsala. Mai shago yakan dubi mutum, ya ji maganarsa, a yi ta ja-in-ja har a kai ga "sallama". A kantin intanet babu tayi, kuma mai kaya ba ya ganin fuskar mai saye. Hanyar da ta rage ita ce a jera masa zaɓi biyu ko uku, a bar shi ya nuna ajinsa da kansa. Masana suna kiran wannan mataki na biyu na bambanta farashi, bisa rabe-raben da masanin Ingila Arthur Pigou ya yi tun 1920.

Ga Lissafin a Sauƙaƙe

Bari mu ƙaddara wani malami a Jos ya shirya darasin bidiyo a kan yadda ake riƙe littafin shiga da fitar kuɗi, kuma mutum 100 ne ke sha'awarsa. Daga cikinsu 70 ƙananan 'yan tireda ne waɗanda ba za su biya fiye da Naira 1,500 ba, sauran 30 kuwa masu manyan shaguna ne da za su iya biyan Naira 5,000. Waɗannan alkaluma na misali ne kawai.

In ya sa Naira 1,500, kowa zai saya, ya tashi da Naira 150,000. In ya sa Naira 5,000, mutum 30 kaɗai za su saya, ya sake tashi da Naira 150,000. A ta farko ya yi wa masu hali rangwamen da ba su nema ba, a ta biyu kuma ya kori mutum 70.

To, a ce ya raba darasin gida biyu. Ƙaramin aji bidiyo ne zalla. Babban aji kuwa ya haɗa bidiyon da jadawalin lissafi na kwamfuta da damar yin tambaya. A ce 'yan tireda za su biya Naira 1,000 a kan ƙaramin, masu manyan shaguna kuma suna ganin darajar ƙaramin ba ta wuce Naira 2,000 ba. In mai babban shago ya sayi ƙaramin aji, ya ci rarar Naira 1,000 ke nan. Don haka ba zai hau babban aji ba sai rarar da zai samu a can ta fi wannan, watau tilas farashin babban ya sauko ƙasa da Naira 4,000. In aka sa shi Naira 3,900, mutum 30 za su kawo Naira 117,000, mutum 70 su kawo Naira 70,000, jimla Naira 187,000. An sami ƙarin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da an ƙara ɗaukar hoto ko na minti ɗaya ba.

Sai dai akwai rami a kan hanyar. A ce malamin ya yi karamci ya zuba kusan kome a cikin ƙaramin aji, har masu manyan shaguna suka ga darajarsa ta kai Naira 4,500. Babu wanda zai dubi babban aji kuma. Duk mutum 100 za su biya Naira 1,000, ya tashi da Naira 100,000, ƙasa da abin da farashi ɗaya ya ba shi. Wannan shi ne jigon maganar: ribar ba ta cikin yawan azuzuwa, tana cikin tazarar da ke tsakaninsu.

Dabarar Ta Girmi Intanet

Tun a 1849 wani injiniyan Faransa, Jules Dupuit, ya lura da yadda kamfanonin jirgin ƙasa ke barin taragon aji na uku ba rufi, da kujerun katako. Ya bayyana cewa ba kuɗin rufin ne ya gagare su ba, suna tsoro ne kada mai iya biyan aji na biyu ya ga na uku ya ishe shi.

A 1990 kamfanin IBM ya fito da injin buga takarda mai suna LaserPrinter E, wanda ke buga shafi 5 a minti ɗaya, alhali babban yayansa yana buga 10. Da aka bincika sai aka tarar injin ɗaya ne, an dai ƙara wa mai arahar wata 'yar na'ura da ke rage masa gudu. Watau kamfanin ya kashe ƙarin kuɗi domin ya rage ingancin kayansa. Daga nan ne masana suka fitar da ka'idar da ake bi a yau: a fara gina babban aji cikakke, sa'an nan a rage wasu abubuwa a fitar da ƙananan.

Mutanenmu ma ba baƙi ba ne ga tsarin. Kamfanin MultiChoice ya kasa DStv tun daga Padi da Yanga da Confam har zuwa Compact da Premium, alhali tauraron ɗan'adam ɗaya ne ke aiko da hoton duka. Netflix, wanda ya iso Nijeriya a watan Janairu na 2016, ya ware aji mafi araha ga mai kallo a waya, mafi tsada kuma ga gidan da ke son hoto garau a na'urori da yawa lokaci guda. Mafi kusa da mu su ne marubutan littattafan Hausa da ke sayar da labaransu ta WhatsApp. Da yawansu suna buɗe zaure biyu, na gama-gari da na musamman, inda 'yan zauren musamman ke biyan kuɗi mafi yawa domin su riƙa samun shafuka da wuri ko da yawa. Ba su jira wani masani ya koya musu ba, kasuwa ce ta nuna musu.

Da Me Ake Raba Aji Da Aji?

Na farko shi ne lokaci. Mai ɗokin ganin fim ranar da ya fito zai biya fiye da mai iya haƙurin wata uku. A kan wannan ne harkar fim ta ginu tun tuni: sinima tukuna, sa'an nan kaset ko faifai, daga baya talabijin. Mai shirya fim mai dogon zango yana iya sakin kashi na gaba ga masu biya a kantinsa kwana bakwai kafin ya ɗora shi kyauta a YouTube.

Na biyu shi ne ingancin hoto ko sauti da nauyin fayil. A ƙasar nan wannan yana da wata fuska ta daban, domin mai saye yana biya sau biyu: kuɗin kaya da kuɗin data. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Ga mai ƙaramar waya a Shendam ko Langtang, fim maras nauyi ba ragi ba ne, biyan bukata ne. Mai babbar talabijin a Rayfield kuwa zai biya ƙari domin hoto mai kyau.

Na uku shi ne izinin amfani, kuma a nan ne masu haɗa kiɗa na Jos ya kamata su buɗe ido. A kasuwar kiɗa ta intanet irin su BeatStars, ana sayar da kiɗa ɗaya a matakai: haya mai araha da ke da iyakar amfani, haya mai tsada da ke zuwa da sautin kowane kayan kiɗa a rarrabe, sai kuma mallaka ta kai kaɗai wadda ke rufe ƙofa ga sauran masu saye. A 2018 wani matashin Amurka, Lil Nas X, ya sayi kiɗa a wannan kasuwa a kan dala 30 daga wani matashi ɗan ƙasar Holan, ya ɗora waƙar "Old Town Road", wadda ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019. Darasin da ke ciki shi ne ba a san inda ƙaramin aji zai kai ba, don haka wajibi ne a rubuta sharuɗɗansa dalla-dalla: sau nawa za a iya saurare, ko an yarda a yi talla da shi, kuma wane kaso ne mai kiɗa zai samu in abin ya bunƙasa.

Na huɗu shi ne hidima: amsa tambaya, gyara, sabunta manhaja, takardar shaidar kammala darasi. Na biyar kuma talla, inda ajin kyauta ke ɗauke da tallace-tallace, mai biya kuma ya huta da su.

Aji Nawa Ya Kamata?

Shapiro da Varian sun ba da shawarar cewa in mai kaya bai ga wata iyaka a fili tsakanin masu sayensa ba, to ya yi aji uku. Dalili shi ne mutane sukan guji gefe da gefe. In zaɓi biyu ne, da yawa sukan karkata ga mai araha. In uku ne, sai su tsaya a tsakiya, kada a ce sun yi rowa ko sun yi almubazzaranci. Don haka ajin da ɗan kasuwa ya fi so a saya shi ne ya kamata ya zauna a tsakiya.

Yadda aka jera zaɓin ma yana da tasiri. A littafinsa na 2008, Dan Ariely ya kawo tallan mujallar The Economist: karatu ta intanet dala 59, bugun takarda dala 125, duka biyun a haɗe su ma dala 125. Da ya gwada a kan ɗalibai 100, sai 84 suka zaɓi haɗin, 16 suka zaɓi na intanet, ba wanda ya taɓa na tsakiya. Da ya cire na tsakiyan ya sake gwadawa, sai 68 suka koma na intanet, 32 kaɗai suka ɗauki haɗin. Zaɓin da ba wanda ya saya shi ne ke sayar da maƙwabcinsa.

Yawan zaɓi kuma yana iya zama illa. A wani gwaji da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka buga a 2000, an jera kwalaben jam iri 24 a wani kanti, wani lokaci kuma iri 6. Kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka tsaya a teburi mai iri 6 sun saya, a mai iri 24 kuwa kashi 3 kacal. Ko da yake ba kowane bincike na baya ne ya sami irin wannan sakamako ba, gargaɗin yana da ƙarfi ga mai sayarwa ta fuskar waya, inda wuri ƙanƙane ne kuma data tana tafiya. Mai saye da ya kasa gane bambancin aji da aji cikin 'yan daƙiƙu yakan rufe shafin ya tafi.

Matsalolin Da Ke Gida

Babbar matsala ita ce satar fasaha. Masu shirya fina-finan Hausa sun sha ta a zamanin faifai, sun kuma sha ta a hannun masu tura fim a waya a kan 'yan kuɗi kaɗan. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi ayyukan da ke intanet, har ta tanadi hanyar neman a sauke kayan sata. Amma ɗan kasuwa mai hankali ba zai dogara ga doka kaɗai ba. In bambancin babban aji da ƙarami fayil ne kawai, rana ɗaya ta isa fayil ɗin ya zaga gari. Abin da ɓarawo ba ya iya kwafa shi ne riga kowa samu, da amsar malami, da izini a rubuce, da sabuntawa. A kan waɗannan ya kamata a gina babban aji. Har wa yau, ƙaramin aji mai araha shi kansa makami ne, domin mutane da yawa sun fi son su biya kaɗan su sami kaya mai tsabta da su bi ta bayan gida.

Ta biyu ita ce ladan masu karɓar kuɗi. Dandalin Selar, wanda aka kafa a 2016 domin masu sayar da kayan dijital, da kamfanonin biyan kuɗi irin su Paystack da Flutterwave, kowanne yana cire nasa kaso. A tsarin da Paystack ya yi shekaru yana aiki da shi, akan cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin Naira 100, amma ana yafe Naira 100 ɗin ga cinikin da bai kai Naira 2,500 ba. A wannan tsari, mai sayarwa a Naira 2,499 da mai sayarwa a Naira 2,600 kusan kuɗi ɗaya suke kaiwa gida, kimanin Naira 2,461. Ya kamata a duba jadawalin ladan kowane kamfani kafin a yanke farashi. Haka nan, wanda harajin kayayyaki na VAT ya hau kansa ya tuna an ɗaga shi zuwa kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairu na 2020.

Ta uku ita ce amana. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta haramta yaudara a wajen bayyana kaya. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma fa sai in an gaya masa rariya ce. Rage kaya da gangan ba laifi ba ne muddin an faɗa a fili abin da ke ciki da abin da babu. Ƙaramin aji tilas ya biya bukatar da aka saye shi dominta, domin mai sayensa na bana shi ne mai sayen babban aji na baɗi. Yana da kyau kuma a ba shi damar hawa sama ta hanyar biyan cikon kuɗi kawai.

Ta huɗu ita ce dogaro ga kantin wani. Dandalin littattafai na OkadaBooks, wanda ya fara aiki a 2013, ya rufe a ƙarshen 2023. Mai kaya ya ajiye asalin kowane aji a hannunsa, tare da lissafin cinikinsa.

Inda Za a Fara

Ga mai son gwadawa, mataki na farko ba a kan kwamfuta yake ba. Ya zauna ya rubuta rukunonin mutanen da ke saye a wurinsa, da abu ɗaya da kowane rukuni ba zai iya yi ba sai da shi. In rukunonin ba su bambanta a kan kome ba, to farashi ɗaya ya ishe shi. In sun bambanta, sai ya gina cikakken aji, ya fitar da ƙarami ɗaya ko biyu daga cikinsa, ya ba kowanne suna da Hausar da mai saye zai gane, ya jera su gefe da gefe a shafi guda.

Bayan wata uku sai ya duba littafinsa. In kusan kowa yana sayen ƙaramin aji, to ko dai an cika shi da yawa, ko babban ya yi tsada. In ba mai taɓa ƙaramin, wataƙila akwai sararin ƙara wa babban kuɗi. Dillalin Farin Gada yakan sake ware dankalinsa kowace safiya bisa abin da kasuwa ta nuna masa jiya, kuma mai kantin intanet ba shi da dalilin ƙin yin haka.